Royston Peck Ya Shiga Kwaleji Ta Ruwa

Mijin yayata, Royston Peck, bai iya faɗin abu daidai girmansa ba. In ya kama kifi kamar ɗan yatsa, kafin ya iso gida ya kai tsawon hannu. In ya yi mura, to likita ya ce tunda yake aiki bai taɓa ganin irinta ba. Mu a ƙauyen Holney mun saba. Sai mu bar shi ya yi ta zuba a mashaya, in ya tashi mu yi dariyarmu. Abin bai zama matsala ba sai da ya samu sababbin kunnuwa.

Hazel, 'yarsu tilo shi da yayata Glenda, ta samu miji ɗan Barnsley, can arewa. Ranar baiko muka ɗunguma muka je. Ba a gama zuba shayi ba uwar yaron, Mavis Haigh, ta sanar da mu cewa a cocinsu za a ɗaura auren, har ta yi magana da limamin cocin. Na ga fuskar Glenda ta canja. Mahaifiyarmu ta tsufa tukuf, ko zuwa asibitin gari sai an yi dabara, balle tafiyar rabin wuni a mota. In aka yi biki a Barnsley, ba za ta ga auren jikarta ba. Amma Glenda mace ce mai kunyar baƙi, sai ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofi.

Royston ya ajiye nasa kofin.

"Barnsley?" ya ce. "Haba, Mavis. 'Yata a cocin kwalejina za a ɗaura mata aure, a Cambridge, nan kusa da mu."

"Kwalejinka?"

"Na yi shekaru ina shiga ina fita. Shugaban wurin abokina ne, wani ƙato mai gemu. Magana ɗaya zan yi masa, ya miƙo makulli."

Shiga da fita kam ya yi. Duk mako yakan shiga ta ƙofar baya da motar dankali, ya sauke buhuna a bakin kicin, ya fita. Wannan shi ne karatun da ya yi a Cambridge har ya yi ritaya.

Uban yaron, Arnold Haigh, tsohon mai gyaran rufin gidaje ne, gajere mai kauri, wanda matarsa ta ce rabonta da ganin haƙoransa tun ranar aurensu. Ya daɗe yana kallon Royston.

"To," ya ce. "Za mu zo mu gani."

A hanyar dawowa ni ke tuƙi, Glenda kuwa ta kusa cinye mijinta ɗanye a kujerar baya.

"Roy, me ka jawo mana?"

"Na ceci bikin, ke kuma ko godiya babu."

"Ka kira mutanen nan ka gaya musu gaskiya."

"Wace ƙarya na yi? Ban shiga ba, ko ban fita ba? Ki saurara ki ji dabara. Su zo, in zaga da su, su ga gine-gine kansu ya juya, su yarda a yi a wajenmu. Daga baya in ce ana gyaran rufin cocin kwalejin, a dawo da biki cocin ƙauye. Mama ta zauna a sahun gaba. Shi ke nan."

"Mai gyaran rufi za ka yi wa ƙaryar rufi?" na ce.

"Kai Wilf, tuƙi aka sa ka ko shawara?"

Labari ya karaɗe ƙauye kafin mu kwana biyu. In Royston ya shiga mashaya sai a miƙe masa, ana "Farfesa ya iso, a ba shi kujera." Shi kuwa bai ga zolaya a ciki ba, ya ɗauka mutane sun fara gane shi ne. Da safe yakan tsaya a lambunsa ya yi wa tumatir bitar jawabin tarihi, hannu ɗaya a baya. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan shinge ta tambayi Glenda ko a kira likita.

"Ki bari tukuna," in ji Glenda. "Mai yiwuwa ranar Asabar a buƙace shi."

Ranar Asabar ɗin, cikin watan Yuni, surukai suka iso. Glenda ta kira ni tun da safe.

"Wilf, ka zo mu tafi tare, ko don a samu mai riƙe ni."

Mu biyar muka shiga motar Royston. Shi ke tuƙi, Arnold na gefensa, ni a baya tsakanin Glenda da Mavis, wadda ta sha ado da wata hula mai furanni. Muka bi ta cikin gonakin dankali da albasa, shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Arnold ya leƙa dama, ya leƙa hagu.

"Wa ya yi wa ƙasarku guga?"

"Muna da tuddai," in ji Royston. "Ga ɗaya can."

"Tarin taki ne," na ce.

"Tudu ne, tunda ya fi ƙasa tsawo."

Da muka kusa gari na ce a ajiye mota a waje a shiga bas, kamar yadda kowa ke yi.

"Wannan na baƙi ne," in ji shi. "Mu 'yan gida har tsakiya muke shiga."

Ya kutsa. Kekuna ta ko'ina suna buga masa ƙararrawa, shi kuma yana ɗaga musu hannu, wai ɗalibai ne ke gaishe shi. Muka iso wani titi da aka tare da turken ƙarfe, irin wanda ke nutsewa cikin ƙasa in bas ta zo, in ta wuce ya sake tasowa. Akwai bas a gabanmu. Royston ya manne mata.

"Roy, an rubuta ban da ƙananan motoci," in ji Mavis.

"Ki bar ni da shi. Mun san juna da turken nan."

Gaban motar ya wuce lafiya. Sai muka ji an ɗaga mu ta baya, mu ukun muka gwara kai da rufi, wani abu ya yi ƙara ya faɗi. Da muka dira, motar ta koma ruri kamar tarakta. Na waiwaya na ga salansarmu kwance a titi, wani mai keke yana kewaye ta.

"Dama na yi niyyar canja ta," in ji Royston da ƙarfi, don yanzu sai da ƙarfi ake jin magana.

"Turken ya gane ka kam," in ji Arnold.

Muka samu wani lungu can nesa muka ajiye motar. Royston ya buɗe but ya ciro baƙar alkyabba irin ta malaman jami'a. Glenda ta runtse ido. Rigar alƙali ce ta wasan kwaikwayon da 'yan ƙauye suka yi da Kirsimeti, tana warin kafur, asu ya cinye hammatarta. Ya yafa, ya gyara kafaɗa, ya ce mu biyo shi.

Ban san me ke cikin baƙar riga ba, amma ta yi aiki. Wasu masu yawon buɗe ido suka gan shi yana nuna gini da yatsa, suka matso su ji. Wasu suka ga waɗannan sun matso, su ma suka biyo. Kafin mu wuce kasuwa mun zama ayari, kuma duk mutum ɗaya da aka ƙara sai muryar Royston ta ƙara kauri.

"Wannan ginin da kuke gani," ya ce, "ya girmi kogin."

Aka yi ta ɗaukar hoto.

"Wancan ƙaramin kuma, a ciki aka tsare wani sarki har ya tuba."

Mavis ta gyara tabarau. "Roy, an rubuta banɗakin jama'a."

"Yanzu ne. Zamani ya lalace."

Wata baƙuwa mai jar laima ta ɗaga hannu kamar a aji. "Farfesa, wane fanni ka koyar?"

"Harkar ƙasa. Musamman abin da ke ƙarƙashinta."

"Buhu-buhu yake sauke iliminsa," na ce. Glenda ta mintsine ni har sai da na ga taurari.

A haka muka iso ƙofar kwalejin, wata babbar ƙofar katako, a bakinta mai tsaro da baƙar hula mai kamar tukunya. Royston na gaba yana kaɗa alkyabba, sai ya tsaya cak. Na leƙa na ga dalili. Tsoho Dobbs ne, wanda ya yi shekaru yana buɗe masa ƙofar baya. Na san shi don na sha raka Royston sauke kaya. Ashe an ƙara masa girma, an dawo da shi ƙofar gaba.

Royston ya juya kamar wanda aka kira daga baya.

"Ba nan ba ce?" in ji Arnold.

"Nan ce. Amma ta ƙofa baƙi ke shiga. Manya ta ruwa suke shiga."

"Ta ruwa."

"Tsohuwar al'ada ce. Ba kowa ya sani ba."

Glenda ta kamo hannun alkyabbar ta raɗa masa, "Roy, kai da ko a bahon wanka sai ka riƙe gefe."

"Ke dai ki zuba ido."

Muka gangara bakin kogi inda ake hayar jirage, irin shimfiɗaɗɗun nan da matuƙi ke tsayawa a baya yana turawa da doguwar sanda. Matar da ke ba da haya ta ce akwai matuƙa in muna so.

"Ina tuƙa jirgin nan tun ba a haife ki ba," in ji Royston.

"To ka cire rigar, za ta harɗe ka. In kuma sanda ta kafe a laka, ka sake ta. Akwai filafili a ƙarƙashin kujera."

"Ku ji yarinya tana koya mini," ya ce wa ayarinsa. Suka yi dariya, suka tafi kan gadar da ke gaba don su kalli Farfesa da kyau.

Mu huɗu muka zauna. Royston ya hau bayan jirgin, ya ɗaga sanda, ya caka, ya tura. Jirgin ya juya a hankali, ya zagayo, muka sake fuskantar matar. Ta ɗaga mana hannu. Ya sake turawa. Muka sake zagayowa, ta sake ɗaga mana hannu. Da muka zagayo na uku Arnold ya yi gyaran murya.

"Matar nan 'yan'uwanta nawa ne a bakin kogin nan? Duk kamarsu ɗaya."

"Ina gwada ruwan ne," in ji Royston.

Da ƙyar jirgin ya yarda ya bar wurin, shi ma a karkace, kamar mashayi ya fito daga mashaya. Duk lokacin da Royston ya ɗaga sanda sai ruwa ya gangaro ta hannun riga ya sauka a hammata. Muka daki jirgin wasu ɗalibai, ya ce musu su je su koyi tuƙi. Muka daki bango, ya ce da can ba a nan bangon yake ba. Daga nan muka kutsa ƙarƙashin wata bishiya mai rassa zube har cikin ruwa. Mun shiga da Mavis mai hula, muka fito da Mavis marar hula. Hular na can tana lilo a reshe, sai wata jar saniya da ke kiwo a gaɓa ta miƙo wuya ta fara cin furannin.

"Na roba ne," Mavis ta ce wa saniyar, murya a sanyaye. "Za su ɓata miki ciki."

"Roy, mu koma," in ji Glenda.

"Mun kusa. Daga gadar can sai kwalejina."

Ayarin nasa sun cika kan gadar, kowa da abin ɗaukar hoto, mai jar laima tana ta kiran "Farfesa, Farfesa." Royston ya turo ƙirji.

"Yanzu za ku ga tuƙi."

Ya caka sandar da duk ƙarfinsa, ya tura, ya saki hannu ɗaya yana gaida jama'a. Jirgin ya yi gaba da gudun da bai yi ba tunda muka hau. Sandar ba ta biyo ba. Tsakanin jirgi da sanda, Royston ya zaɓi sanda.

Na ji jirgin ya yi sauƙi, na waiwaya. Ga shi can a tsakiyar kogi, ya rungume sanda da hannu da ƙafa, alkyabba na reto, kamar wankin da iska ta maƙala a turke.

"Wilf," ya ce, murya ƙasa-ƙasa don kada na kan gada su ji. "Dawo da jirgin."

"Ba ni na tafi da shi ba."

"Wilf, ba lokacin wasa ba ne."

Na jawo filafili na fara tuƙi, amma ni manomi ne, ba masunci ba. Muka shiga juyawa a wuri ɗaya. Duk zagayowar da muka yi sai mu ga ya ƙara karkata.

"Wannan ma cikin al'adar take?" in ji Arnold.

"Miƙe jijiya ne. Malamai na yi kafin su ci abinci."

"Roy, saki sandar nan," in ji Glenda.

"In sake ta in kama me?"

Sandar ta yi ta sunkuyawa a hankali, da ladabi, kamar mai gaida surukai, har ta ajiye shi a ruwa. Alkyabbar ta baje a sama, shi yana ƙarƙashi. Can ya ɓullo yana dukan ruwa da hannu biyu, yana kiran Glenda, yana cewa a gaya wa Hazel ya yafe mata komai, a kuma riƙa ba tumatirinsa ruwa.

Arnold ya haɗa hannu a baki. "Suruki, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iya ƙirjinsa ne. Na kan gada suka yi tafi.

Gaɓar da ta fi kusa ita ce ta bayan kwalejin, ciyawa shimfiɗe kamar darduma. Ranar kuwa ana walima a kanta. An kafa farar rumfa, manyan malamai da baƙinsu sun sha ado suna tsaye da kofuna. Royston ya tako ya haye, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan laka ta riƙe, ganyen ruwa rataye a kafaɗa. Mu ma iska da ikon Allah suka kai jirginmu wannan gaɓar. Arnold ya sauka, ya ba matarsa hannu, ya ƙare wa rumfar kallo.

"To, ga mu a kwalejinka, kuma ta ruwa. Ina abokin naka?"

"Roy, ya isa haka," in ji Glenda. "Don Allah ya isa."

Da wani ne, da a nan ya tsaya. Royston ya share ruwa daga ido ya duba taron, sai ya hango wani ƙato mai gemu cikin baƙar kwat, tsaye a bakin rumfa yana nuna wa mutane wurin zama. Na ga fuskarsa ta washe.

"Ga shi can."

Ya nufe shi, ƙafar takalmi na cewa cakwal, ta safa na cewa taɓ. Mutane suka dare, mata na tattare riguna. Ya isa ya rungume mutumin ƙam.

"Tsohon abokina. Kwana da yawa." Sannan ya raɗa masa, sai dai raɗar Royston daga gona zuwa gona ake jin ta, "Rufa mini asiri, ka ce ka san ni."

"Ban san ka ba, kuma ka jiƙa mini kwat. Sake ni, ina da aiki."

Royston ya waiwayo gare mu yana dariya. "Kun ji shi da zolaya. Haka yake tun muna samari."

Mutumin ya fizge jikinsa. Royston ya ja da baya, gefen alkyabbar ya harɗe masa ƙafa, ya cafki mayafin tebur don kada ya faɗi. Ya faɗi duk da haka, mayafin ya biyo shi da kofuna da faranti da wani babban kwano cike da kirim. Kwanon ya kife a cinyarsa.

Kowa ya juyo. Sai wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai furfura ta matso, kofin shayi a hannunta.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

"Baiwar Allah, ki ɗan ba mu wuri," in ji Royston daga zaune. "Magana ce tsakanina da shugaban kwaleji."

"Ni ce shugabar kwalejin. Wannan da ka rungume shi ne babban masu raba abinci."

Arnold ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ta aske gemun ke nan," ya ce.

Daidai nan Dobbs ya iso da sassarfa, hula a hannu. A bayansa ga Doreen, babbar kukun kwalejin, ta fito ganin wanda ya kifar mata da kwano. Ta tsaya, ta sunkuya, ta leƙa fuskar da ke ƙarƙashin ganyen.

"Roy? Roy mai dankali?"

"Ba ni ba ne."

"Kai ne mana. Dobbs, zo ka ga wanda ya dawo."

"Shi ne," in ji Dobbs. "Wanda ya yi baya da mota ya kwantar mana da ginshiƙin ƙofar baya."

"Ginshiƙin ne ya tsufa," in ji Royston.

Doreen ta juya ga shugabar, fuska cike da fara'a. "Ranki ya daɗe, shi ke kawo mana dankali da can, kafin zuwanki. Dankalinsa ba laifi, surutunsa ne ba ya ƙarewa. Ya taɓa gaya mana shi ya koya wa matuƙan jirgin sama yadda ake sauka."

Daga kan gada muka jiyo muryar mai jar laima tana tambayar na kusa da ita ko akwai Farfesan dankali.

"Dankali," in ji Mavis. Ba Royston take kallo ba, Glenda take kallo.

Yayata da ba ta iya musu da mai sayar da madara, ranar ta tsaya a tsakiyar manyan malamai ta buɗe baki.

"Dankali, Mavis. Ba mu da kwaleji. Ba mu da coci sai na ƙauye, shi ma yana yoyo in an yi ruwa. Mamana ba za ta iya zuwa Barnsley ba, kuma Hazel a hannunta ta tashi. Na kasa buɗe bakina in gaya miki, shi ya sa wannan ya buɗe nasa."

Mavis ba ta kai ga amsawa ba muka ji wani sauti kamar ana buɗe ƙofa mai tsatsa. Arnold ne. Kafaɗunsa na girgiza, ya dafa gwiwa, fuskarsa ta yi jajir.

"Arnold, lafiya?" in ji matarsa a tsorace.

"Manya," ya ce da ƙyar, "ta ruwa." Sai ya zube a ciyawa yana dariya har da hawaye. Da ya fara, malaman ma suka daina cijewa.

Shugabar ta kurɓi shayinta.

"Doreen, ki kai baƙonmu kicin ya bushe kafin ya jiƙa mana sauran ciyawar. Ina jin ya san hanya."

A kicin aka ba Royston wandon kuku da ya tsaya masa a ƙwauri, da farar riga, da silifas na mata. Aka zaunar da shi kusa da tanda da kofin shayi, alkyabbar na jiƙe cikin bokiti a gefensa. Tunda ya auri yayata ban taɓa ganin ya yi shiru mai tsawo haka ba. Kansa na ƙasa, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Mavis ta jawo kujera kusa da Glenda.

"Ke ma da laifinki," ta ce. "Da kin faɗa mini zancen mamanki tun a gidana, da hulata na kaina yanzu. A cocinku za a yi. Amma ni zan yi kek, kuma mijinki ba zai shirya komai ba. Ko kujera kada ya jera."

"Ko kujera," in ji Glenda tana share ido.

"Yoyon kuma ku bar mini, zan hau in duba," in ji Arnold. "Sai dai ni ma ina da sharaɗi. Uban amarya shi ke jawabi a wurin liyafa. Ba zan yarda a hana ni wannan ba."

"Arnold, ka rufa mana asiri," in ji Glenda.

Amma ta makara. Royston ya ɗago kai. Ya ajiye kofi, ya miƙe zaune, ya gyara wuyan rigar kuku.

"Jawabi ai ba komai ba ne a wurina," ya ce. "Da harshen Latin zan yi shi. A nan na tsince shi, a bakin malamai."

Glenda ta kifa kanta a kan tebur.

Arnold ya juya ga matarsa.

"Mavis, ki gaya wa dangi kaf. Bas biyu za mu ɗauko."